Amanar Gindin Kandili

Ranar da dutse na farko ya faɗo gidan Illo magini, babu abin da ya raba ta da sauran ranakun garin Tamanrasat, can arewa cikin hamada. Rana ta faɗa bayan duwatsu, zafin yini ya fara sakin mutane, ladanin unguwa yana gyaran murya. Barira matar Illo tana durƙushe gaban murhu tana tuƙa tuwo. Raliya, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, tana kwashe shanya. Shi kuwa maigidan bai daɗe da dawowa daga shantiye, wato wurin aikin gini, ba, yana zaune bisa bulo yana kankare siminti daga yatsunsa da ruwan buta. Sai suka ji ƙwal a kan kwanon ɗaki. Abin ya gangaro a hankali, a hankali, kamar ba ya son tada kowa, ya faɗo tsakar gida daidai ƙafar Barira.

Illo ya ce yaran unguwa ne, ya leƙa waje da faɗa a bakinsa. Lungun fayau, ko akuya babu. Barira ta ɗauki dutsen ta juya shi. Baƙi ne, sumul, bai wuce dunƙulen hannu ba, irin wanda ruwan kori, wato rafin damina, ya daɗe yana gogawa. Abin da ya ba ta mamaki sanyinsa, a garin da ko bango sai ya kai isha yana huci. Ta jefa shi gindin randa, ta koma kan tuwonta.

Kashegari da magariba wani ya sake faɗowa. Jibi ma haka. Ɗaya tak kowace rana, kuma kullum gaban Barira yake tsayawa, ko tana madafa ko tana bakin ƙofa. A rana ta uku wani abu ya ƙaru. Da dutsen ya faɗo, gidan ya yi tsit, sai suka ji ƙarar tsintsiya bayan bango, shar, shar, irin sharar tsohuwa wadda ba ta da sauri. Bayan bangon nan kuwa babu gida, babu kowa, fili ne da tarin shara. Illo ya tsaya da buta a hannu har aka idar da salla a masallaci bai motsa ba. Barira ta lura cewa tun daga ranar bai ƙara cewa yara ne ba.

To, a nan dole in koma baya kaɗan, don wanda bai san Korin Kandili ba ba zai gane abin da ya tsayar da Illo ba.

Lokacin da suka hauro daga Damagaram, Raliya tana goye, ba a wannan unguwa suka sauka ba. Can bayan gari suka yada zango, bakin wani busasshen kori, inda 'yan Nijar masu aikin gini suka kakkafa ɗakunan laka da buhunan siminti. Wata tsohuwar bishiyar kandili ce kaɗai inuwar wurin, shi ya sa suka sa masa wannan suna. A nan Barira ta haifi Yunus, a nan kuma ƙyanda ta ɗauke shi yana da shekara biyu, yana tsakiyar koyon magana. Kai shi maƙabartar gari sai da takardar likita da ta baladiya, wato hukumar gari, su kuwa ko takardar zama ba su da ita. Wanda ya shiga buro, wato ofishin hukuma, hannu wofi a wancan zamani, yana iya kwana a motar jandarma ya wayi gari a bakin iyaka. Saboda haka Illo da maƙwabta biyu suka yi masa sutura, suka sa shi gindin kandilin, taku kaɗan daga ƙofar ɗakinsu.

Bayan kwana uku Barira ta fita ita kaɗai. Ta tsinto duwatsu tara cikin kori ta kewaye ɗan kabarin, ta fasa bakin tulun Mirriya da ta zo da shi tun daga gida, ta kafa guntun wajen kai. Sannan ta yi abin da kakarta ta koya mata, cewa baƙo ba ya ajiye komai a jeji sai ya gai da masu wurin. Ta dubi bishiyar ta yi sallama, ta ce su baƙi ne, ba su da kowa a ƙasar nan, ga ɗanta nan amana. Allah sarki. Mace ce mai shekara ashirin da ɗoriya, nono yana mata zuba, wa zai tsaya yi mata wa'azi a ranar?

Shekara shida suka ƙara a wurin. Sai gari ya fara kumbura. Mutane suna ta kwararowa daga arewa, ma'aikata, sojoji, 'yan kasuwa, kowa yana son ɗaki mai famfo da lantarki. Benaye suka riƙa tsirowa ta kowace kusurwa, yau ka wuce fili, bayan wata shida ka tarar da tagogi suna kallonka. Wata safiya mutanen baladiya suka zo da igiyar awo da jan fenti, suka kafa turaku har cikin kori, suka manna takarda da Larabci da Faransanci: za a gina gidaje ɗari biyu, duk mai wani hakki a filin ya zo buro da takardunsa cikin kwana talatin. Gaskiya sun ba da lokaci, ba a ce ba su bayar ba. Sai dai hakkin Illo yana ƙarƙashin ƙasa, kuma babu takardar da ta san da shi.

Suka kwashe komatsansu suka koma wancan gefen gari, tafiyar awa guda da rabi a ƙafa. Barira ta yi kuka har muryarta ta dushe. Illo ya rantse mata cewa ya ga taswirar aikin da idonsa, ginin ba zai kai kandilin ba, kuma duk Juma'a zai je ya yi wa yaron addu'a. Duk Juma'a kuwa yakan dawo ya ce ya je, bishiyar tana nan, duwatsun suna nan. Barira takan ce Allah ya saka, ta ƙara masa miya.

Ƙarya yake yi, kuma ba ta mugunta ba, shi ya sa ta fi ciwo. Ɗan kwangilar da ya samu aikin shi ne uban gidan Illo na shekara da shekaru. Illo yana tsaye a wurin ranar da katafila ta tunkuɗe kandilin, ta watsa duwatsun cikin tarin ƙasa. Ramukan harsashin bene na huɗu suka bi ta dama da hagun kabarin, suka bar shi a tsakiya. Sau biyu yana zuwa har ƙofar buro, ya ga jandarma a bakin ƙofa, ya tuna Raliya da uwarta, ya juyo. Wata takwas ke nan yana hawa yana sauka a kan ɗansa da bulo a kafaɗa, yana dawowa gida yana cewa bishiya tana nan.

A magariba ta biyar abin ya taɓa Raliya. Tana cikin tankaɗe, dutsen ya faɗo, sai ta ajiye rariya, ta miƙe, ta ɗauki tsintsiya. Ta duƙa irin duƙawar tsofaffi, hannu ɗaya a ƙugu, ta fara share wuri guda a tsakar gida, tana kewaya shi, ba ta taka tsakiyarsa. Uwarta ta yi mata magana, ko waige. Da Illo ya kama hannunta, ta juyo ta dube shi, kallon da ya sa ƙaton mutum ya saki yarinya ya ja da baya. Sai da aka kira isha ta zube ƙasa, jikinta sanyi ƙalau, da ta farfaɗo kuma ba ta tuna komai ba.

Daga nan kullum haka. Da rana tana kwance ba ci ba sha, da magariba ta tashi ta yi shara. Aka daina tura ta lekkol, wato makaranta. Suka kai ta wajen likita, ya auna nan ya auna can, ya ce jini ne ya yi ƙasa, ya ba da ƙwayoyi. Yarinya tana ta zubewa a idon uwarta, wuya ya fito, idanu sun faɗa. Barira ta daina barci, ta daina cin abincin kirki, ta ce wa maƙwabciyarta Laure ita fa ta riga ta ba da ɗaya, in aka karɓi wannan ma ba ta san abin da za ta zauna yi a duniya ba. Laure, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta ce su bar wahalar da kansu da ƙwayoyi, wannan ba ciwon asibiti ba ne, ko makaho ya shafa ya san haka. A kira Malam Tasi'u.

Malam Tasi'u dattijo ne ɗan Tanut, yana da ɗan shagon littattafai da turare a kasuwa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya karɓar komai sai an warke. Ya zo rana ta goma da la'asar sakaliya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Raliya, aka rufa mata zane har ƙafa. Ya ga duwatsu tara jere gindin randa, ya tambaya, aka gaya masa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi Illo, Illo ya dubi ƙasa.

Ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta wuce tabarmar ba. Inuwar bango ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Tsuntsaye suka yi shiru, hayaniyar yaran lungu ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Laure tana riƙe da ƙafafun yarinyar, tana salati a ciki. Da ladan ya ɗaga murya, suka ji abu ya sauka kan kwano, amma ba ƙwal irin ta dutse ba, wata 'yar ƙara ce marar nauyi. Ya gangaro ya faɗo cikin zanen Barira. Guntun bakin tulu ne, ja, da zanen farar ƙasa irin na Mirriya.

Barira ta dube shi. Ta juya ta dubi duwatsun gindin randa, bakinta yana motsi tana ƙirgawa. Ba ta yi ihu ba. Wani ɗan sauti kawai ya fito daga maƙogwaronta, irin na wanda aka taka wa ciwo.

A lokacin Raliya ta tashi zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce tukuf, a shaƙe, tana jan kalmomi irin yadda Buzaye suke jan Hausa. Ta yi sallama. Malam ya amsa, ya tambaye ta ko ita wace ce, kuma Musulma ce ko kafira. Ta ce Musulma ce tun kafin a haifi kakan kakansa, sunanta kuwa ba zai amfane shi da komai ba. Gidanta kandilin bakin kori ne, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta tsufa. Malam ya ce in Musulma ce, ta san zalunci haramun ne, me yarinyar nan ta yi mata?

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Baki na zo ara. Na je wa uban a wurin aikinsa, ya ji ni sarai, ya toshe kunne. Na kawo wa uwar duwatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane su ba. To da me zan yi magana?"

Malam ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta, ta fita.

Kan yarinyar ya juya wajen Barira. Muryar ta yi laushi. Ta ce shekara bakwai ke nan wata baƙuwa ta tsaya gabanta tana kuka, ta yi mata sallama, ta ba ta amana. Tun da take, ɗan Adam bai taɓa yi mata sallama ba sai ranar. Ta karɓa. Kullum magariba tana share wurin, tana korar karnuka da dila, in ruwan kori ya taso tana karkatar da shi. Hausar ma da take yi yanzu a bakin matar ta koya, don shekara shida tana jin ta tana zuwa gindin bishiya tana yi wa yaron hira. Yanzu an tumɓuke gidanta, 'ya'yanta sun watse cikin duwatsu, ta zaga duk korin da ta sani ta tarar da turaku masu jan fenti. Za ta tafi can sama wajen duwatsun Assekrem, inda igiyar awo ba ta kai ba tukuna. Amma ba ta iya tafiya da amanar mutane a wuyanta.

Malam Tasi'u ya juya wajen Barira. Ya ce mata, ba da faɗa ba, amana Allah ake ba wa, 'yata, ba wata halitta ba. Barira ba ta ma ji shi ba. Ta matso a gwiwa har gaban tabarma.

"Ina yaron?" ta ce.

"Yana nan inda kika sa shi. Duwatsun na iya tonowa. Siminti ya fi ƙarfina."

"Wane siminti?"

Tsohuwar ta ce wannan ba ita za ta faɗa ba, mai shi yana nan zaune. Sharaɗinta biyu ne: uban ya faɗa da bakinsa, uwar kuma ta ce ta karɓi amanarta. Ta roƙi a bar ta kwana uku a jikin yarinyar kafin ta kama hanya, don tafiyar da nisa kuma ta gaji. Malam ya ce ko sa'a ɗaya ba zai ƙara mata ba, ta dubi yadda yarinya ta koma. Ta yi ajiyar zuciya ta ce gaskiyarsa, a cika mata biyun, ta fita kafin isha, kuma ta rantse da wanda ya halicce su duka ba za ta dawo ba.

Illo ya yi magana kansa a ƙasa. Ya faɗi katafila, ya faɗi ƙofar buro da juyowarsa sau biyu, ya faɗi Juma'o'in da yake zuwa ya zauna bayan tarin yashi har lokacin dawowa ya yi. Ya ce kabarin ya faɗo ƙarƙashin matakalar bene na huɗu. Ranar da za a zuba kankare, da sauran ma'aikata suka tafi cin abinci, ya ɗebo katako ya jera a kan wurin, ya shimfiɗa rigarsa a sama.

"Don kada ya yi masa nauyi," ya ce.

Duhu ya fara haɗuwa, ba wanda ya tuna da fitila. Barira tana durƙushe da guntun tulu a tafin hannu, ta ƙi buɗe baki. Me za ta ce ta karɓa? Duwatsu tara da fasasshen tulu? In ta faɗa, daga yau babu mai share wa Yunus wuri, babu mai sanin yana nan. Malam ya kira ta a hankali, ya nuna mata Raliya, yadda ƙirjin yarinyar yake ɗagawa da ƙyar, yadda leɓunanta suka bushe. Ta dubi ta raye, ta daɗe tana dubanta.

"Na karɓa," ta ce. "Allah ya saka miki. Kin fi mu riƙo."

Muryar ta ce a gafarce ta da abin da ta yi wa yarinya. Ta ce yaron ba ya jin tsoro, a bar damuwa da wannan. Sannan ta yi sallama. Ƙaramin yatsan ƙafar Raliya na hagu ya karkaɗa sau uku a hannun Laure, jikin ya saki, ta sulale kan tabarma. Wata 'yar iska ta bi ta kan bango ta wuce. Can Raliya ta buɗe ido, ta ce Inna, yunwa nake ji.

Dutse bai sake faɗowa gidan ba, ba a kuma sake jin tsintsiya bayan bango ba. Raliya ta murmure, ta koma lekkol. Barira ba ta yi wa Illo faɗa ba ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana dafa masa, tana wanke masa kayan aiki, tana amsa gaisuwarsa. Ran Juma'a ne kawai, in ya dawo masallaci, ba ta ɗaga kai ta dube shi.

Bayan wata huɗu aka gama gidajen. Aka yi musu fenti ruwan ƙwai, aka kafa tutoci, manyan baladiya suka zo suka raba makullai ga waɗanda sunansu ya fito a jeri. Waɗanda suka ɗora bulo tun daga ƙasa har hawa na huɗu suna tsaye can nesa suna kallo, kashegari aka kwashe su zuwa wani sabon fili.

Wata safiya Barira ta ɗaure duwatsun a gefen zane, ta yi tafiyar awa guda da rabi. Ba ta gane wurin ba sam. Babu kori, babu tudu, sai kwalta da benaye iri ɗaya, sai da ta riƙa ƙirga su da yatsa. Ta shiga na huɗu, ta tsaya gindin matakala. Wata mata ta leƙo daga hawa na ɗaya ta tambaye ta da Larabci abin da take nema. Barira ba ta shirya amsa ba, sai ta ji bakinta ya ce aikin shara take nema. Matar ta yi murna, ta ce dama sun rasa mai share musu matakala.

Har yau ita ke share bene na huɗu. Duwatsun suna cikin wani gwangwanin madara a lungun ƙarƙashin matakala, bayan bututun ruwa, inda ba mai leƙawa. Da ruwan sanyi kawai take wanke wurin. Da farko in yaran gidan suka sauko a guje suna tsalle, zuciyarta takan tsinke, har takan ɗaga hannu za ta hana su. Daga baya ta bari. Ta ce wa Laure ai da yanzu sa'anninsa ne, kuma shi yaro ne mai son hayaniya.

Masu gidan suna yabonta, sai dai abu ɗaya ya ɗaure musu kai. In ta iso ƙofar bene takan tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ko da sanyin hunturu ne, ta yi sallama ƙasa-ƙasa alhali babu kowa a wurin. Rannan matar hawa na ɗaya ta dawo daga kasuwa ta tarar da ita haka, ta yi dariya ta ce, Hajiya, nan ai ba masallaci ba ne, me ya sa kike cire takalmi? Barira ta iya Larabcin da zai ishe ta amsawa, amma da Hausa ta amsa.

"Yaro ne yake barci."

Matar ba ta ji ba. Ta yi murmushi, ta gyara riƙon kwandonta, ta taka matakalar ta haye sama. Barira ta jira har ƙarar takalmanta ta ɗauke, sannan ta duƙa ta fara shara.